Wayar da Ta Zagi Mushe Illa

A Gure, in aka ce Mushe Illa, abu biyu ne ke faɗo wa mutum a rai: dara da ƙugiya. Dara dai kowa ya san ta. Ƙugiya kuwa ita ce ƴar lanƙwasar nan da ake yi wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a rubutu, wadda yawancin mutane ba su ɗauke ta a bakin komai ba, shi kuma ya riƙe ta kamar farilla. Tun yana saurayin malami a lakwal ɗin Bune, makarantar boko inda ake kiran kowane malami Mushe, har ya zo ya ajiye alli a Gure, babu yaron da ya bi ta ajinsa bai sha murɗar kunne a kanta ba. Akwai magidanta a garin nan, masu gemu da iyali, waɗanda har yau in sun hango shi tafe sai su jefa waya aljihu, don kada ya leƙa ya ga yadda suka rubuta saƙo. Shi ne ya taɓa tsare mai fenti a kan tsani a bakin kasuwa, ya hana shi saukowa sai ya gyara allon wata mai tuwo da aka rubuta wa "Maraba da Baki". Mai tuwon da kanta ta fito ta ce a bar mata abinta haka, ai da baki ake cin tuwo, amma Mushe Illa bai saki tsanin ba sai da baki ya koma baƙi.

Da ya huta da aikin gwamnati, sai dara ta cinye abin da ya rage na yininsa. Bayan la'asar ake haɗuwa a gindin dogon yaron da ke ƙofar kantin Alhaji Rashidu, wani ɗan kasuwa mutumin Nguru wanda ya daɗe a Gure amma har yanzu bakinsa ya kasa kiran mutum mai rai da Mushe, sai dai Malam. A tona gurabu a yashi, wannan ya riƙe ƙwallayen dabinon Gidigir, wancan ya riƙe tsinkaye, a yi ta turawa ana neman jera uku a layi don a ɗauke ɗan abokin wasa. Tun da aka kafa wannan majalisa ba a taɓa cinye Mushe Illa ba. Amininsa Aisami, tsohon dillalin raƙuma, a kan gwadawa gemunsa ya yi fari, har shan kashi ya zame masa kamar shan shayi, ranar da bai sha ba sai ya ji yinin bai cika ba.

Mushe Illa ba shi da garke, ba shi da kanti, gidansa ma na ƙasa ne. Abin da ya mallaka a duniya wanda ba wani mai irinsa shi ne a nuna shi a ce ga mutumin da ba a cinyewa. Yana son wannan suna fiye da yadda ya kamata dattijo mai sallah ya so wani abu, kuma shi ma ya san haka.

Daga cikin gidansa rigimar ta fito. Ƴarsa Mairamu, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa don haka yake kiranta Uwata, ta yi karatun kwamfuta a Damagaram ta dawo tana aiki a wani ofishin kiwon lafiya. In ta taso daga aiki, maimakon ta huta, sai ta zauna tana ta ƙwanƙwasa na'urarta, har ta ƙera wasan dara na cikin waya. Ba don manyan wayoyi ta yi shi ba, don ƙananan nan masu maɓallai da tocila da ke aljihun kowa. Haruffan wasan irin na da ne, masu kusurwa, waɗanda ake ginawa da ɗigo-ɗigo kamar an jera tubali. Kowane harafi da gidansa, ɗigo biyar a kwance, bakwai a tsaye, ba ya ƙetare nan. Ta ce irinsu ne ke fita raɗau a ƙaramin gilashi ko da rana tsaka, kuma samarin Yamai ma su suke yayi yanzu, wai suna tuna musu wasannin ƙuruciya. Wani Bature ne ya zana su ya sake su kyauta a intanet, mutumin da bai taɓa jin labarin ƙ ba kuma yana barcinsa lafiya lau.

Wasan ya bi gari kamar sabon yayin atamfa. Ƴan kabu-kabu masu haya da babur suka tura wa masu shayi, masu shayi suka tura wa teloli, har ya iso gindin dogon yaro a cikin aljihun Alhaji Rashidu. Wayar ta cinye mai ita, ta cinye Aisami, ta bi sauran ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta nuna gajiya ba. Da aka rasa wanda za a ba ta, sai idanu suka koma kan Mushe Illa. Ya ce shi dara a yashi ya san ta, ba a gilashi ba, kuma ba ya wasa da abin da ba ya iya amsa sallama. Aka ƙyale shi. Sai wata rana Aisami, yana kallon saman itace kamar da tsuntsaye yake, ya ce shi dai a ganinsa tsoro ba abin kunya ba ne ga mai shekaru. Mushe Illa ya ajiye tasbaha ya miƙa hannu.

Da farko murmushi yake yi, yana danna maɓallan da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa jinjiri. Can sai murmushin ya tafi. Ya gyara zama, ya tura hula baya, ya ce a matsa masa ana tare haske. Ƴaƴansa suka riƙa ɓacewa daga gilashin, kowane da ɗan ƙaransa mai kama da tsakin ƙadangare, har suka rage biyu, biyu kuwa ba sa jera uku. Wayar ta yi wata ƴar waƙar murna, gilashin ya yi baƙi, manyan haruffa suka fito: YA KARE.

A nan gaskiya sai an faɗe ta. Duk wanda ke zaune a wurin "ya ƙare" ya karanta, don kowa ya ga wannan rubutu ranar da aka cinye shi, kuma haka kowa ke rubutawa a waya ba tare da ya ji komai ba. Shi kansa Mushe Illa ya san abin da ake nufi. Amma kunnuwansa sun yi zafi, ga Aisami a gefe yana tattara dariya a kumatu, sai ya ga K ɗin nan tsaye ba ƙugiya kamar ƙofar da aka manta a buɗe. Ya ciro tabarau ya saka a hankali, ya nesanta wayar da fuskarsa, ya karanta da muryar aji.

"Ya kare," ya ce. "Ni wannan abar take kira kare?"

Alhaji Rashidu ya yi saurin cewa haba Malam, ai cewa take wasa ya zo ƙarshe.

"Alhaji, ni abin da aka rubuta nake karantawa, ba abin da ke cikin zuciyar waya ba. Ga K nan tsirara. Wannan 'ya' kuma ta kira ce, kamar ka ce ya kai wannan mutum. Ya kare. Da furfurata."

Nan take ya yanke hukunci cewa wasan bai ciwu ba, don duk wanda ya zagi abokin wasansa a gindin wannan itace, nasararsa ta ɓaci. A lokacin ya ƙirƙiri dokar, amma yadda ya faɗe ta sai ka rantse daga kakanni aka gaje ta. Ya ƙara da cewa ba zai sake zama da wayar ba sai ranar da ta koyi rubutu. Ya kakkaɓe riga ya tafi gida da fushi, kuma kafin ya kai ƙofa har ya kusa yarda cewa fushin na gaske ne.

Ya tarar da Mairamu a tsakar gida tana taya uwarta Hauwa tsintar shinkafa. Bai ko zauna ba ya fara. Ya ce ƴar malami, jikar malami, a ce ita ce za ta saki K ba ƙugiya ta shiga gari tana zagin mutane, har da uban da ya haife ta. Mairamu ta saurara kanta a sunkuye. Labarin ya riga shi isowa, wata maƙwabciya ta kawo shi da ɗuminsa. Da ya tsagaita ta ɗago ta dube shi, ta ɗan jima tana dubansa, sannan ta bayyana masa yadda abin yake: gidan harafi ɗigo biyar ne da bakwai, K kuma ta cika nata gidan tun daga ƙasa har rufi, hannunta na sama ya kai bango.

"Babu wurin ƙugiya, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya yi ta faɗa a kan Turawa da rashin sanin darajar harshen mutane, da zamanin da ake gina wa harafi ɗaki kamar akurki. A zuciyarsa kuwa wani sanyi ne ya sauka kamar ya sha ruwan randa. In babu wurin ƙugiya, wayar ba za ta taɓa koyon rubutu ba, in ba ta koya ba kuwa babu sake zama. Da aka kawo abinci ya cinye ya nemi ƙari. Hauwa ta zuba masa tana cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda aka zaga ya ci tuwo haka ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne bakin mutanen Gure. Kafin a yi kasuwa ta gaba sunan ya kama shi: Mushe Ya Kare. Ƴan kabu-kabu in sun wuce shi sai su rage gudu su gaishe shi da ladabi, da sun ɗan yi gaba sai ka ji wani ya yi haushi. Mahaucin da ya saba sayen nama a wurinsa, tsohon ɗalibinsa ne ma, ya tambaye shi fuska ba dariya ko a ƙara masa ƙashi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, musamman da yake ya san ba wanda ya raɗa masa sunan sai shi da bakinsa. Amma ya auna ya ga wanda aka zaga yana nan a matsayinsa na wanda ba a cinye ba, don haka ya haɗiye. Ya ci gaba da zuwa majalisa yana lallasa Aisami a yashi kamar da, sai dai yanzu duk lokacin da ya ci wasa, maimakon a dube shi, aljihun Alhaji Rashidu ake duba.

Da ya bar maganar ta kwanta, da wataƙila ta kwanta. Amma malami ne, kuma yana da hujja mai daɗi. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a sake, sai ya sunkuya ya zana masa a ƙasa: biyar nan, bakwai nan, ga K ta cika gida, ina za a sa ƙugiya? Ya zana wa mai shayi, ya zana wa liman, ya zana wa wani baƙo daga Alakos da hanyar tasha kawai ya tambaya. Aisami bai yi lakwal mai nisa ba, amma ya san gurabu a yashi. Ya dubi zanen ya ce ashe gidan harafin nan filin dara ne da aka ƙara wa layi ɗaya. Ya tona layin, ya zube ƙwallayen dabino, ya ce a jera K a gani.

Daga ranar aka daina dara a gindin dogon yaro. Dattawa masu jikoki suka duƙufa a kan yashi suna neman wa K wurin ƙugiya, suna gardama kamar ana rabon gado. Aisami ya ƙara ƙwallo a sama ya haɗe hannun da sandar, aka ja baya aka duba, sai ga R, wayar za ta koma cewa YA RARE. Wani tela ya ɗora ƙwallo a waje, saman gidan, Mushe Illa ya ce wannan ai ya hau rufin maƙwabci, layin sama zai taka shi. Wani ya rage ƙafar K don a sami fili, abin ya koma kamar Y da ta yi hatsarin babur. Alhaji Rashidu ya kawo shawarar a yi yadda ake yi wa y a wajensu can Nguru, a manna mata ɗan waƙafi a gaba a huta, ya ce su haka suke rubutawa kuma ba wanda ya mutu. Mushe Illa ya ce fetur ɗinsu dai ana saye, amma wannan su riƙe abinsu.

Shi yana gefe a kan tabarma yana jan tasbaha, wai ba ruwansa. In an gama a kira shi, ya leƙo, ya girgiza kai, ya koma. Bai taɓa jin daɗin girgiza kai irin na waɗannan kwanaki ba.

Ranar da abin ya faru, Aisami ne ya jera wata halitta mai ƙugiya a bayan sanda, tana kallon hagu kamar wutsiyar kunama. Mutane sun gaji, suka ce ai ta yi kama, a bar ta haka. Alhaji Rashidu ya ciro babbar wayarsa zai ɗauki hoto ya tura wa Mairamu. Aka kira Mushe Illa don cika al'ada. Abin da ake bukata a wurinsa kaɗan ne, ya ce ba daidai ba ne ya koma tabarmarsa, kuma ya faɗa. Sai Aisami ya ɗago ya tambaye shi, irin tambayar ɗalibin da ya gaji da kuskure, to ina laifinta?

Shekarun da ya yi a gaban allo ne suka amsa, ba shi ba. Kafin ya yi shawara da kansa ya tsinci gwiwoyinsa a yashi. Ya ce babbar Ƙ ba a bayanta take ɗaukar ƙugiya ba, a hannu take ɗauka. Ya kwashe wutsiyar kunamar, ya ja hannun K na sama baya gida ɗaya don ya daina taɓa bango, ya kai shi rufi, sannan ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya ajiye a gurbin da ya buɗe, ƙasa kaɗan, yadda kan hannun zai sunkuyo. Ya karkaɗe hannu ya ja baya.

Ga ta nan kwance a yashi, Ƙ sosai, wadda ko yaron aji ɗaya zai gane daga nesa, kuma ba ta fita gidanta ba ko da ɗigo. Aka matso ana kallo. Mushe Illa ma kallonta yake, ransa fari tas, don ta yi kyau ƙwarai. Sai ya ji ƙarar ɗaukar hoto a bayansa, ya waiga ya ga bakin Aisami har kunne, sannan ya gane abin da ya yi wa kansa.

Hoton ya riga shi zuwa gida. Ya sami Mairamu a rumfa da na'urarta a cinya, ta buɗe wani fili mai gida-gida kamar na dara. Ta ce ta yi kyau, Baba. Ya tsaya a kanta yana kallo. Ta danna ɗigo nan, ta goge can, Ƙ ta fito. Abin da ya lura da shi shi ne ko sau ɗaya ba ta dubi hoton ba. Daga nan ta wuce ta yi Ɓ, ta yi Ɗ, ta yi Ƴ, manya da ƙanana, ba tambaya ba gardama, kafin ruwan shayin da Hauwa ta ɗora ya tafasa. Aikin da ya hana dattawan gari dara kwana da kwanaki.

"Uwata," ya ce a hankali, "ba ke kika ce babu wuri ba?"

Ba ta ɗago ba. "Na ga kamar ba ka so a samu, Baba."

Ya nemi kujera ya zauna. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro, tare da wani tausayin kansa da son yarinyar nan da ya cika masa ƙirji. Ashe tun ranar farko ta gani, ta karɓi faɗan, ta bari gari ya ce ƴar Mushe Illa ba ta iya rubutu ba, don dai ta bar masa wurin ɓuya.

Can ta ce, har yanzu idonta a kan na'ura, wasan yana da wurin da ake rage masa wayo. Tana iya ragewa a wanda za ta tura wa Alhaji Rashidu, kaɗan dai, yadda ba za a lura ba. Ya tambaya wa zai sani. Ta ce ita da shi.

Kada a yi wa mutum ƙarya, ya so. Ya ɗauki buta ya fita alwala yana so, ya yi sallar magariba yana so, har sai da ya yi shakkar raka'a nawa ya yi. Abin da ya hana shi ba tsantsar nagarta ba ce. Ya hango kansa ne yana zaune a gindin dogon yaro ana cewa ga wanda ba a cinyewa, sannan ya dawo gida wadda ta san gaskiya ta miƙo masa ruwa ta ce sannu da zuwa, kullum, har ƙarshen ransa. Ya ga ba zai iya shan wannan ruwan ba. Da ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin rumfa ya ce ta bar wayar da wayonta.

Ranar sake zama, gindin dogon yaro ya cika har titi. Ƴan kabu-kabu suka jera babura suka hau kai, mai shayi ya ɗauko teburinsa ya dawo nan, mahauci ya rufe rumfa da wuri. Alhaji Rashidu ya sa an yi wa wayar caji ta cika, ya goge gilashinta da bakin riga ya miƙa. Mushe Illa ya yi bisimilla ya karɓa.

Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin dara irin ta ranar ba. Ya jera ƴaƴansa da natsuwa, ya toshe mata hanya nan, ya buɗe mata ta ƙarya can, ya ɗauke mata ɗa, ya sake ɗauke wani. Wayar ta fara jinkiri kafin ta motsa, wasu ɗigo uku na ƙiftawa a ƙasan gilashin, mutane na raɗa wa na baya cewa tana tunani, ta ji maza. Shi ma ya fara sa rai, har ya ji tsohon ƙarfinsa ya dawo masa a yatsu. Bai yi wani kuskure da za a nuna ba. Kawai dai can cikin wasa ya duba ya ga ta haɗa irin tarkon nan da ɗa ɗaya ke kai da komowa tsakanin gida biyu, duk motsi uku ta jeru. Ya san tarkon sarai, da shi ya tsufar da Aisami. Ya yi iya yinsa, ya ja wasan har inuwa ta yi tsawo, amma ƴaƴansa suka yi ta tafiya har suka rage biyu. Ƴar waƙar ta tashi, gilashin ya yi baƙi: YA ƘARE.

Ya gyara tabarau ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana neman abin kamawa. Y lafiya, A lafiya. Ƙ na tsaye da ƙugiyarta a sunkuye, daidai inda ya ajiye ƙwallon dabinon da hannunsa. Babu zagi, babu kuskure, babu dokar da zai ƙirƙira. Ba wanda ya yi dariya, ko ƴan kabu-kabu, kuma wannan shirun ya fi haushin da suke yi masa ciwo.

Aisami ya daɗe yana jiran ranar da zai ga an cinye mutumin nan, ga ta ta zo, sai ya ji ba ta da daɗin da ya zata. Ya matso ya dafa gwiwar amininsa. Shi Bamange ne, da Barbarci ya tashi, Hausarsa ta fi ta Hausawa da yawa zaƙi, amma ƙ ba ta taɓa samun wurin zama a bakinsa ba. Da zuciya ɗaya ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Hakuri, Mushe. Ya kare ke nan."

Wani a baya ya toshe baki da hula. Mushe Illa ya juyo.

"Ƙare," ya ce. "Daga maƙogwaro ake ɗauko ta. Ƙa. Faɗi in ji."

"Ya kare."

"Ya ƙare, Aisami. Ya ƙare. Ta cinye ni, ya ƙare."

Da muryar aji ya faɗa, wadda ke kaiwa bencin baya, don haka har na kan babura sun ji. Shi ma ya ji. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga alhali ba abin da ya same su. Abin da ya fi so a duniya ya tafi, kuma da bakinsa ya sallame shi a gaban gari. Ya yi baƙin ciki sosai, ba kuma zai ce bai ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa ba. Ya miƙa wa Alhaji Rashidu wayar da hannu biyu, ya ce wasa ya ciwu, ya sa takalmansa.

Aisami ya tashi ya raka shi, abin da bai saba yi ba don gidansa ba ta nan yake ba. Suka bi ta bayan kasuwa. Can Mushe Illa ya ji wani ɗan sauti a gefensa, ya saurara, ashe Aisami ne ke gwadawa shi kaɗai, yana miƙa wuya yana matse maƙogwaro: ka, ka, ka, kamar kazar da ta haɗiyi tsakuwa. Haka ya yi ta yi har suka kai ƙofar gida, ko ɗaya bai dace ba, Mushe Illa kuwa bai gyara masa ba.